Zumunci a bazarar korona: abin da dokar kulle ta hana a Kano da abin da ta bari

Watannin Maris, Afrilu da Mayu, da mutanen Turai ke murnar tohuwar itatuwa da fitowar furanni a cikinsu, su ne bazara a ƙasar Hausa, lokacin da ya fi kowane wuya a shekara. A Kano zafin Afrilu yakan tsaya kusa da digiri 39, wasu ranakun ya haura 40. Rijiyoyi sun ja baya, 'yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka, ɗaki mai rufin kwano ba ya shiguwa daga hantsi har bayan isha'i. Shi ya sa rayuwa take fitowa waje. Maza su koma gindin darbejiya da dakalin ƙofar gida, mata su baza tabarmi a tsakar gida, da dare kowa ya ja shimfiɗarsa inda iska ke kaɗawa. A cikin wannan yanayi korona ta sami Kano a 2020, azumi kuma ya faɗo a tsakiya.

An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu a Legas. Kaduna ta kafa dokar hana fita ranar 26 ga Maris, gwamnatin tarayya ta rufe Legas da Ogun da Abuja daga daren 30 ga Maris. Kano ba ta sami mutum na farko a hukumance ba sai 11 ga Afrilu. Dokar kulle ta fara aiki da ƙarfe 10 na daren Alhamis 16 ga wata, aka ɗauki azumi ranar Juma'a 24, ranar 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe jihar ruf na mako biyu. A waɗannan makonni ne masu haƙa kabari suka fara kokawa da yawan gawarwakin da ake kawo musu, ɗakin gwaji na Asibitin Malam Aminu Kano kuma ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, daidai lokacin da aka fi bukatarsa. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata: mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kimanin 43 a rana inda aka saba ganin 11. Yawancinsu sun haura shekara 65, fiye da rabi a gida suka cika, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen suna da alaƙa da korona.

Akwai lissafin da ya kamata a yi a nan. A 2020, daga kamuwa zuwa bayyanar alamu cutar na ɗaukar kwana 2 zuwa 14, galibi kwana 5. Daga alamu zuwa rasuwa, ga wanda ajali ya zo, sau da yawa ana ƙara mako biyu ko fiye. Ke nan da yawa daga dattawan da aka binne a Afrilu sun kamu tun kafin a rufe gari, a cikin hidimominsu na kullum. Tambayar ita ce: a wace hidima? Dokar kulle ta ɗauki zumunci a dunƙule ta ce a dakatar da shi duka. Alhali zumunci abubuwa ne daban-daban, haɗarinsu ba ɗaya ba ne, kuma wani ɓangare nasa shi ne ya hana mutane mutuwa da yunwa a waɗannan makonni. A ganina abin da dokar ta fi iya tarwatsawa shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin haɗari, wato zaman waje da jami'an tsaro ke iya hangowa daga titi. Wanda ya fi kisa kuwa yana cikin ɗakuna, inda babu ɗan sandan da ke shiga.

A farkon annobar an fi ba da ƙarfi ga hannu da abin da hannu ya taɓa. Sai a Yulin 2020, bayan masana 239 sun rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa ana iya kamuwa ta iskar da ta tsaya a rufaffen wuri. Yanzu an san wannan babbar hanya ce. Mai cutar yana fitar da ƙananan ɗigon ruwa da ido ba ya gani duk sanda ya yi numfashi, ya fi fitarwa in yana magana, ya fi haka in ya ɗaga murya ko ya yi tari. Suna shawagi kamar hayaƙin turaren wuta. A waje iska ta kwashe su nan take, a ɗaki kuwa su taru. Mutum yana fara yaɗawa kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai a jikinsa, don haka lafiyar da ake gani a fuskar aboki ba shaida ba ce.

Ɗauki ɗaki mai mita 3 a mita 4, tsayinsa mita 3. Iskar da ke ciki lita dubu 36 ce. Baligi a zaune yana fitar da kusan lita 500 a awa. Mutum goma su zauna awa ɗaya ƙofa da taga a rufe, sun fitar da lita dubu 5. In babu sabuwar iskar da ke shigowa, kusan kashi ɗaya cikin takwas na abin da kowa ke shaƙa ya riga ya ratsa huhun wani. Fankar sama ba ta gyara wannan, juya iskar kawai take yi. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta jikin bango ma iskar ɗakin take sanyayawa ta maido, kuma saboda ita ake toshe kowace kafa. Falon mai kuɗi da ke sanyi ƙalau ya fi tsakar gidan talaka haɗari nesa ba kusa ba. Gyaran ɗaki shi ne a buɗe ƙofa da taga masu fuskantar juna, a ɗaga labule, in akwai wuta a ajiye fanka ta tsaye a bakin taga tana fuskantar waje don ta zuƙe tsohuwar iska.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Kano tana cikin yankin sanƙarau, kuma a annobar 1996 sama da mutum dubu 11 suka rasu a Najeriya. Tun daga nan duk bazara ana jin ma'aikatan lafiya a rediyo suna cewa a daina cunkoso a ɗaki, a buɗe taga, a kwana a waje. Da an ce wa mutane korona tana bin hanyar sanƙarau, da sun gane tun ranar farko. Maimakon haka sai aka ce kowa ya shige gida, a garin da a cikin tsofaffin unguwanninsa gida ɗaya kan ɗauki iyalai da yawa masu banɗaki ɗaya da rijiya ɗaya.

Majalisa ce ta fi shan kora, kuma ita ce mafi sauƙin gyara. Abokai biyar ko shida a gindin bishiya, tsakanin kowa da kowa taku biyu, benci biyu suna kallon gefe guda maimakon benci ɗaya da ake matsuwa kafaɗa da kafaɗa: haɗarin wannan kaɗan ne ƙwarai. Abin da ke ɓata ta sananne ne. Haɗa kai a kan waya ɗaya ana kallon bidiyo, musu da ɗaga murya fuska da fuska, kofi ɗaya na shayi yana zagayawa, da komawa zaure in ƙura ta taso ko in an hango motar jami'an tsaro. Wannan na ƙarshe shi ne illar korar. Majalisar da aka tarwatsa ba watsewa take yi ba, soro take komawa ta turo ƙyaure. Gidajen kallon ƙwallo, waɗanda su ne mafi muni saboda rufin kwano da cunkoso da ihu, sun mutu da kansu a wannan bazara, tunda an dakatar da gasar Firimiya ta Ingila ranar 13 ga Maris ba a dawo ba sai 17 ga Yuni.

Musabaha ta jawo surutu fiye da nauyinta. Ƙwayar cutar ba ta huda fata, sai hannun ya kai ido ko hanci ko baki. Matsalar gaisuwarmu ita ce tsawonta da kusancinta: a riƙe hannu, fuska kusa da fuska, ana ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, har a yi minti biyu. Ja da baya taku biyu da ɗora hannu a ƙirji ya wadatar. Cin abinci a tire ɗaya ma haka yake. Ba tuwon ne ke ɗauke da cutar ba, kawunan da suka haɗu a kansa babu takunkumi ne. A raba a kwanuka, a zauna a waje, an rage mafi yawan haɗarin ba tare da an daina shan ruwa tare ba.

Inda abin ya yi nauyi shi ne dubiya. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake, kuma babu inda ake auna ƙafar kamar ɗakin mara lafiya. Dattijo ya kwanta da zazzaɓi, sa'o'insa su ne farkon zuwa, mutane masu shekara sittin da saba'in, da yawansu da hawan jini ko ciwon suga. Su shiga ɗakinsa su zauna bakin gado, su riƙe hannunsa su yi masa addu'a, wani ya tofa. Ɗakin a rufe yake saboda an ce kada sanyi ya kama shi. Babu wata hanya da ta fi wannan saurin kai cutar ga waɗanda ta fi kashewa, kuma babu dokar kulle da ta taɓa ta, don maƙwabci ba ya bukatar hawa titi kafin ya shiga gidan maƙwabcinsa.

Abin da ya ƙara ruɗa mutane shi ne sunan da aka ba ciwon. Kusan kowane zazzaɓi a wurinmu maleriya ne ko taifot har sai an ga akasin haka. Amma zazzaɓin cizon sauro a Kano na damina ne da kaka, a Afrilu sauro ya yi ƙaranci. Gida ya wayi gari mutum uku suna zazzaɓi da ciwon jiki a tsakiyar bazara, ɗaya ya daina jin ƙamshin miya ko ɗanɗanon gishiri, ya kamata a yi zargin wani abu daban. Gwajin maleriya na tsinke ba ya wuce minti 20, kuma ko ya nuna akwai, ba ya kore cewa korona na tare.

Yadda ake jinya a gida ba shi da wuyar fahimta. Mutum ɗaya ne zai ɗauki jinyar, matashi mai lafiya, ba uwargida mai shekaru ba ko da ita ta fi so. A kwantar da mara lafiya a ɗakin da ya fi iska, ko a rumfa a tsakar gida, wanda a bazara shi ma zai fi so. Kofinsa da kwanonsa da butarsa daban. Shi da mai jinya su sa takunkumi duk sanda suke kusa. A kula sosai daga kwana na bakwai zuwa na goma, domin a mako na biyu ne ciwon kan juya bayan an ɗauka an samu sauƙi. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur yana kwance: in ya kai 30, asibiti. In ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya ya ja iska, ko ya fara ruɗewa, ko cikin leɓensa da harshensa sun yi toka-toka, asibiti. In akwai 'yar na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa, ƙasa da 94 gargaɗi ne, 90 zuwa ƙasa gaggawa ce, ko da shi yana cewa lafiyarsa lau, domin wannan cuta tana rage iskar jini ba tare da mutum ya ji shaƙewa da wuri ba. Bisa ƙa'idar 2020, keɓe mara lafiya kwana goma ne daga fara alamu, a ƙara kwana uku bayan sun ɗauke.

Su kuma abokai, dubiyarsu ta koma bakin taga ko bakin zaure, minti biyar. Mai mura da ya zo gaida babba ya tsaya daga nesa ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, mura nake yi, shi ya sa na tsaya daga nan. Ya jikin naku?" Babu dattijon da zai ɗauki wannan raini. Hidimar da ta fi zama a bakin gado amfani ita ce a kawo ruwa, a kawo kunu, a nemo mota tun kafin a bukace ta, a kuma tabbatar maganin suga da na hawan jini na wata guda yana gida. Rashin wannan na ƙarshe ya kashe mutane a 2020 ba tare da korona ta taɓa su ba: asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe ko sun riƙa mayar da marasa lafiya don tsoro, ga zafi, ga azumi, ga magani ya ƙare.

Jana'iza kuwa an fahimce ta a juye. Mutane sun ji tsoron gawa, alhali gawa ba ta numfashi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Maris 2020 ba ta hana binnewa ba kuma ba ta ce a ƙona ba. Ta ce masu sutura su sa safar hannu da kariya, su wanke hannu da sabulu bayan sun gama, 'yan uwa kada su sumbaci mamaci, waɗanda suka haura shekara 60 da marasa ƙarfin jiki kada su taɓa gawar. Wanka na bukatar mutum biyu ko uku, a rufe baki da hancin mamaci da ƙyalle lokacin juyawa da matsa ciki, a kauce wa fantsamar ruwa. Sallar gawa ba ta da ruku'u ba ta da sujada, a tsaye ake yin ta a fili, ba ta kai minti biyar ba, buɗa sahu a cikinta abu ne mai sauƙi. Maƙabarta ma fili ce.

Haɗarin yana zaman makoki. Mutanen gidan da mamaci ya yi mako guda yana tari a cikinsa su ne suka fi kowa yiwuwar ɗauke da cutar, kuma suna daidai kwanakin da ake yaɗawa ba a sani ba. Su ne kuma kowa zai zo ya riƙe wa hannu har kwana uku. Maza aƙalla suna waje a kan tabarma. Mata suna ciki, ɗakin mai takaba cike babu masaka tsinke, ana kuka ana rungumar juna, daga safe har yamma, a dawo sadakar uku, a dawo ta bakwai. Rasuwa ɗaya ta haifi dubiya biyar, dubiya ta haifi wata rasuwar. Ba sai an soke ta'aziyya ba. A fito da zaman mata tsakar gida ko rumfa, mai zuwa ya tsaya ya ce "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri," a shafa fatiha ya juya, tsofaffi su yi ta waya su zo bayan mako biyu. Abin da ya sa wannan nasiha ta yi wuyar shiga kunne har da abin da jama'a suka gani ranar 18 ga Afrilu a maƙabartar Gudu da ke Abuja, inda aka yi cincirindo wurin binne Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda korona ce ajalinsa. Kwamitin shugaban ƙasa kan annobar ya nemi afuwa daga baya, amma hoton ya riga ya zagaya.

Batun masallaci ya fi kowanne zafi. A Kusada ta jihar Katsina an ƙona ofishin 'yan sanda a ƙarshen Maris kan hana sallar Juma'a, a Yamai ma an yi tarzoma kafin Nijar ta buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu. Jama'atu Nasril Islam ƙarƙashin Sarkin Musulmi ta dakatar da taron tafsiri, malamai suka koma rediyo da talabijin da Facebook. Hujjar addini a fili take: hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta ɓulla ko fita daga cikinta, da abin da tarihi ya kawo cewa a annobar Amwas, wadda ta auku a ƙasar Sham zamanin Halifa Umar, Amru bin Asi ya umarci mutane su watsu cikin duwatsu. Ta fuskar lafiya kuma salloli ba ɗaya suke ba. Sallar farilla ta minti goma a harabar masallaci, kowa da dardumarsa ya yi alwala daga gida, daban take da tahajjud na awa biyu ko i'itikafin kwana goma a rufaffen gini. Ɗaga murya tare shi ya fi muni. A ranar 10 ga Maris 2020 a jihar Washington ta Amurka, mutum 61 suka yi atisayen waƙa na awa biyu da rabi a ɗaki ɗaya, 53 suka kwanta, biyu suka mutu. Zikiri ko karatu cikin jam'i a ɗaki haka yake aiki a huhu. Kuma inda aka hana sallar fili da ƙarfi, waɗanda suka dage sai su yi asham a ɓoye a cikin gida ƙofa a rufe. An gudu ba a tsira ba.

Haka aka yi da kasuwa. A farkon Mayu gwamnatin Ganduje ta sassauta dokar a ranakun Litinin da Alhamis daga 10 na safe zuwa 4 na yamma, aka bar 'Yankaba da 'Yan Lemo a buɗe. Awa 12 ke nan a mako, ga birnin da kasuwanninsa suka saba yin kusan awa 70. Yawan masu bukatar cefane bai ragu ba, lokacin ne aka matse, don haka cunkoso ya ninka sau biyar ko fiye, a tsakiyar rana, bakin kowa da azumi. Ga layin banki, ga adaidaita sahu an cusa mutum biyar. Kaduna ta gwada wata dabarar da ta fi ma'ana, ta buɗe kasuwannin wucin gadi a filayen makarantun unguwanni, aka rarraba jama'a kuma aka rage hawa mota. A matakin unguwa, maganin shi ne mutum ɗaya ya yi wa gida huɗu ko biyar cefane, a rubuta masa a takarda, mako mai zuwa wani ya karɓa. Shawarar a tara abincin mako biyu kuwa ta mai firji da janareto ce. Tumatir ba ya kwana uku a zafin Afrilu, kuma ɗan dako da mai wankin hula da mai facin taya hannu baka hannu ƙwarya suke.

Su wa suka ciyar da waɗannan? Gwamnatin tarayya ta raba naira dubu 20 ga gidajen da ke cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi, attajirai sun haɗa gidauniyar CACOVID, amma abin da ya isa yawancin gidaje kowace magariba kwanon maƙwabta ne. Ciyayya, kunu da ƙosan sadaka, mai shago da ya buɗe littafin bashi, uwar adashi da ta sauya layi ta ba wadda mijinta ya rasa aiki kwasar farko, aboki da ya turo kati ko dubu biyu ta waya. Wannan ɓangaren zumunci kusan ba shi da haɗari in an yi shi daidai. Yaro ya kai kwano bakin zaure ya yi sallama ya ajiye, a wanke da sabulu a mayar. Abin da ke ɓata sadaka shi ne a tara mabukata a ƙofar gida suna turereniya. A rubuta gidaje a kai musu, ko a raba lokaci layi-layi.

Almajirai ne suka fi kowa faɗawa ramin da ke tsakanin dokar da rayuwa. Abincinsu a ƙofofin gidaje yake, an rufe ƙofofin. Gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da su jihohinsu, aka loda su a motoci na sa'o'i. Daga cikin 169 da aka gwada a Kaduna, 65 na ɗauke da cutar. Wannan shi ne fita daga ƙasar annoba da hadisi ya hana, kuma hukuma ce ta yi shi. 'Yan cirani ma bazara ce lokacin komawarsu sharar gona, suka bi ta hanyoyin daji duk da hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Wanda ya dawo irin haka, kwana 14 na kwana a waje da nisantar tsofaffin gida shi ne abin yi a lokacin, kuma a zafin Mayu ba wani takura ba ne.

Wanke hannu nasiha ce mai kyau da ba a yi mata lissafin ruwa ba. Gida mai mutum goma, kowa sau shida a rana, rabin lita kowane wanki, lita 30 ke nan, fiye da jarka ɗaya ta lita 25, a lokacin da ruwa ya fi tsada. A huda murfin gorar roba da ƙusa a rataye, ruwan zai riƙa zuba siriri ya isa mutane da yawa. Garin omo giram 30 a gorar lita ɗaya da rabi yana ba da ruwan sabulu mai arha. Cuɗawar daƙiƙa 20 ce ke aiki, ba yawan ruwan ba. Alwala sau biyar ba ta maye gurbin wannan, tunda sabulu ne ke narkar da kitsen da ya lulluɓe ƙwayar cutar. Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu kafin cin abinci a daina shi, a zuba da buta. Ruwan bilic mai ƙarfin kashi 3.5 ana sirka murfi ɗaya da murfi 34 na ruwa don goge mariƙin ƙofa da banɗaki, ba a sha, ba a fesa wa mutum. Takunkumin tela kuma ya zama ninki uku, ya rufe hanci, a canza in gumi ya jiƙa shi, a wanke da sabulu a tafasa minti ɗaya. Wanda aka gwada a hannun mai talla aka mayar, ko wanda ake karɓa aro a ƙofar banki, gara babu.

Waya ta riƙe zumunci, ta kuma riƙe ƙarya. Ta nan aka yaɗa cewa zafin Kano zai kashe cutar, cewa ta masu hawa jirgi ce, har yara suna rera "Malam ya ce babu korona". A Afrilun nan WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya a lokaci guda, ya kuma ƙara masu kiran haɗaka daga huɗu zuwa takwas. Amma tsohon da ya fi bukatar a ji muryarsa ba ya WhatsApp, rediyo gare shi da ƙaramar waya. Kira ɗaya a rana a lokaci tsayayye, misali bayan la'asar, da tambaya uku: an ci abinci, magani bai ƙare ba, ya numfashi? Mai kira ya saurari muryar da kyau, in tana yankewa a tsakiyar magana ya tashi ya je. Kuma wanda aka ce ya kamu, a kira shi fiye da da. Tsoron a guje su ne ya sa mutane da yawa suka ɓoye ciwo suka ci gaba da shiga jama'a.

An yi sallar Idi ranar Lahadi 24 ga Mayu. Gwamnatin Kano ta bari a yi ta, amma babu hawa, a Sallar farko ta Sarki Aminu Ado Bayero da ya hau a watan Maris. Dokar kulle ba ta tashi gaba ɗaya ba sai farkon Yuli, bayan ruwa ya sauka. Filin Idi bai kai yawon Sallah haɗari ba, inda jikoki ke bi gida-gida su ƙare a ɗakin kaka. Yara ba su cika jin jiki da cutar ba, amma suna ɗaukarta su kai. Gyaran yana cikin tarbiyyar da aka riga aka sani: ƙarami ba ya miƙa wa babba hannu. A shimfiɗa wa Hajiya tabarma a inuwar tsakar gida, masu gaisuwa su shigo gida ɗaya bayan ɗaya, su cire takalmi su durƙusa daga taku uku, su ce barka da Sallah, ta sa musu albarka. Goron Sallah a ajiye a faranti kowa ya ɗauka, tuwon kuma a ci a waje.